Asabar Ɗin da Na Bar Wayata a Gida

Ranar da aka fara zargin ina da ciwon suga, ba don kaina na je asibiti ba. Inna na kai, mahaifiyata, a wanke mata ƙafa. Shekara biyu ke nan tana zaune a wurina a unguwar Hashimi a Suleja, tun da nata ciwon sugan ya ci mata babban yatsan ƙafar hagu aka cire shi, yayana da ke Zariya ya ce gara ta dawo hannuna tunda ni ce mace, zan fi iya jinyarta. Ina zaune a kan benci ina haki, don hawa matakalar asibitin kaɗai ya isa ya jiƙa ni da gumi, sai nas ɗin da ke naɗe ƙafar Inna ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, ke yaushe rabonki da gwaji?"

Na ce ni lafiyata ƙalau, jiki ne kawai ya yi mini nauyi. Ba ta yi musu da ni ba. Ta kama yatsana ta soka, ta ɗiga jinin a 'yar na'urarta, ta duba, ta ce in dawo gobe ban ci komai ba. Na dawo, likita ta tabbatar. Shekarata arba'in da uku a lokacin, 'ya'yana huɗu, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a cikin gari.

Likitar ta rubuta mini magani, ta ce in rage tuwon shinkafa da lemun kwalba da shayin nan mai kauri da nake so, in kuma riƙa motsa jiki kullum. Tana magana ina gyaɗa kai, amma ƙafar Inna kawai nake gani.

Abin da likitar ba ta sani ba, ni 'yar gudu ce a da. A makarantar kwana ta 'yan mata, idan aka zo gudun dogon zango babu mai shan gabana. Ba ni da saurin tashi, amma ba na gajiya, sai in bar su su wuce, in riƙa tsintarsu ɗaya bayan ɗaya. Ina gama makaranta aka shiga karatun malanta, aka yi aure, aka fara haihuwa. Da na ƙirga, shekara ashirin da biyar ban ɗaga ƙafa da sunan gudu ba.

Maigidana a Abuja yake aiki. Ana sallame asuba yake fita neman mota kafin hanya ta cushe, ba ya dawowa sai bayan magariba, a gajiye tilis. Da na gaya masa ina so in koma gudu, sai ya ce, "In dai don lafiya ne, ki yi, Malama. Ki suturta jikinki, kuma ki tsaya a fili. Ban da titi." Na ce to.

Akwai filin wata firamaren gwamnati a bayan unguwarmu. Nan na nufa washegari, da wando mai faɗi, da doguwar riga, da hijabi, da kambas ɗin babbar 'yata da ke makarantar kwana. Ina ɗaure igiyar takalmin a tsakar gida sai muryar Inna ta fito daga ɗaki.

"Ke, ina za ki da duku-dukun nan?"

"Gudu zan yi, Inna. Likita ta ce."

"Gudu? Wa ya koro ki? Mace da girmanta, uwar 'yan mata, ki je fili kina tsalle-tsalle? Mu a zamaninmu daka da surfe su ne gudunmu."

"Ai kin yi dakan, Inna, ga shi bai hana ba."

Maganar tana fita na so in mayar da ita. Na leƙa, na ga Inna ta jawo bakin zaninta ta rufe ƙafar.

Ran nan ko zagaye ɗaya ban kai ba. A rabin fili ƙirjina ya ɗauki zafi, na durƙusa a gindin turken raga ina kakarin amai. Maigadin makarantar ya taso yana tambaya ko lafiya. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Jikin da na sani a da babu shi, wani aka ba ni wanda ban iya tuƙa shi ba.

Amma na koma. Tafiya zagaye biyu, gudu rabin zagaye, haka na yi ta lallaɓawa. Damina ta shigo, filin ya yi caɓi, na riƙa dawowa da laka har gwiwa. Matan gidanmu, da yake gidan haya ne mai sassa huɗu, suka yi dariyarsu suka gaji suka bari. Wajen wata na huɗu ina iya zagaye goma sha biyu ban tsaya ba. Zobena da ya shekara ya ƙi fita daga yatsa ya fara juyawa. Likita ta duba sakamakona ta rage mini ƙwaya ɗaya.

A filin na haɗu da wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon magani a unguwar Bagama, wadda kowa ke kira Madam. Ta girme ni da 'yan shekaru, siririya, da furfura a goshi. A Suleja ta yi rabin rayuwarta, tana jin Hausa sarai, sai dai ba ta raba mace da namiji a magana. Wata safiya ta jera da ni, muka yi zagaye uku, sannan ta ce, "Malama, ka taɓa yin gudu da. Ƙafanka ya sani."

Rabon da wani ya ga wannan a jikina har na manta. Na ji hawaye na neman zubo mini.

Ita ta ba ni labarin gudun fanfalaki da ake yi a Abuja, wanda ake ce wa yada-ƙanin-wani, kilomita arba'in da biyu. Sau biyu tana shiga. Ta ce akwai mata masu hijabi a ciki, ta gansu da idonta. Na yi dariya na ce ina ni ina wannan. Amma maganar ta bi ni gida, ta bi ni aji. Bayan sati biyu na ce ta sa sunana, ta cike mini a wayarta muna tsaye a bakin fili.

Sai matsala ta taso. Wanda zai yi irin wannan gudu dole ya saba da dogon zango, kuma ba a yin kilomita ashirin ana zagaya filin firamare kamar jakin niƙa. Madam da wasu mutum biyar, mata uku maza biyu, suna fita kowace Asabar su bar gari, su kama gefen hanyar Kaduna su nufi wajen Sabon Wuse, in sun gama su hau mota su dawo. Ta ce in biyo su.

Na san abin da maigida ya ce. Na yi niyyar tambayarsa, sau uku ina ɗauko maganar ina ajiyewa, don na tabbata idan ya ce a'a shi ke nan an rufe. Asabar kuwa ita ce ranar da yake komawa barci bayan asuba, ya rama gajiyar sati, ba ya tashi sai hantsi. Sai na fara bin su. Ban yi masa ƙarya da baki ba. Nakan ce na tafi gudu, shi kuma ya ɗauka fili. Wayata nakan bar ta a kan firij. Na gaya wa Madam wai tana dukan cinyata ne idan ina gudu. Gaskiyar ita ce ba na so ya kira ya ji ƙarar tireloli.

Wata biyu ina haka.

Inna allurar suga ake yi mata kowace safiya, ni nake yi, kuma ƙa'ida ce da an yi ta ci wani abu ba da jimawa ba. Ranar Asabar ɗin da nake magana mun shirya yin kilomita ashirin da biyar, zangon da ban taɓa yi ba, saboda haka aka ce a fito da wuri kafin rana ta yi zafi. Na idar da salla, na dama kunu a gurguje na zuba a fulas, na shiga ɗakin Inna na yi mata allurar. Kullum sai na tsaya na ga ta sha. Ran nan na ajiye fulas ɗin da kofi a gefen katifarta.

"Ga kunu nan, Inna. Ki sha yanzu, kada ki bari."

"Na ji," ta ce, idonta a lumshe, carbi a hannu.

Na fita.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne, ban taɓa jin daɗin gudu kamar na wannan safiyar ba. Ƙarshen damina ne, gari ya yi luf, masara ta bushe a gonaki, dawa ta fitar da kai. Manoma suna tafe a kan kekuna da babura, fartanya a kafaɗa, wasu su ce sannunku, wasu su bi mu da ido. Mata suna fitowa daga ƙauyuka da kayan kasuwa. Manyan motoci suna wucewa iskarsu na kaɗa mini hijabi. Wajen kilomita na goma sha biyar sai na ji numfashina ya daidaita, ƙafafuna suna tafiya da kansu, na wuce mazan nan biyu, na wuce Madam tana yi mini ihu. Ban tuna da suga ba, ban tuna da aji ba, ban tuna da kowa ba. Muka tsaya dab da Sabon Wuse, muka sha ruwan leda, muka sayi ayaba. Ina ta dariya kamar yarinya.

Wajen ƙarfe goma na sauka daga keke mai ƙafa uku a bakin layinmu. Tun daga ƙofar gida na ga sashenmu a buɗe. Ƙananan yarana biyu suna zaune a ƙofar maƙwabciyata sun yi tsuru-tsuru. Ta fito da sauri tana gyara ɗankwali.

"Malama, ina kika shiga? An yi ta nemanki. Inna ce ta faɗi, an tafi da ita asibiti."

Na shiga ɗakin. Fulas yana inda na ajiye shi, kofi a kife. Na ɗaga, a cike yake. A bakin ƙofar banɗaki akwai jini a kan dakali, an watsa ruwa bai gama wankewa ba. Wayata tana kan firij, kiran maigida ya cika ta.

Daga baya na ji yadda aka yi. Barci ya ɗauke Inna ba ta sha kunun ba. Allura ta yi aikinta a cikin da babu komai, suga ya sauka ƙasa. Ta farka jiri na ɗibarta, ta lallaɓa za ta kewaya, ta yanke jiki ta faɗi, ƙafar nan mai ciwo ta daki gefen dakali ta fashe. Ƙarar bokiti ce ta tashi maigida.

Haka na tafi asibitin da kayan gudu, gumi ya bushe mini a fuska. Na same shi tsaye a baranda, da jallabiyar barcinsa, jini a hannun rigar. Ya ce ta farfaɗo, an sa mata ruwa. Sannan ya dubi takalmina, jar ƙasar hanya ta rufe shi.

"Na je filin," ya ce. "Sau biyu na zagaya shi. Maigadi ya ce ba kya zuwa ranar Asabar."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ina kike zuwa?"

"Hanyar Kaduna."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

Na so ya yi faɗa. Da ya ɗaga murya da na sami abin riƙewa. Sai ya gyaɗa kai kawai, ya ce, "Da kin tambaye ni, wataƙila in hana, wataƙila in ɗauki mashin in riƙa bin ki a baya. Ni kaina ban san wanda zan yi ba. Amma ba ki tambaya ba." Ya juya ya tafi karɓo magani.

Washegari Yaya ya iso daga Zariya. Shi bai rage mini komai ba. A gaban gadon Inna, a gaban masu jinyar gadon kusa, ya ce an ba ni amanar uwa na tafi wasan guje-guje da ƙattin maza a kan titi. Ya ce da an sallame ta zai tafi da ita. Ina tsaye kaina a ƙasa, don ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Inna ce ta katse shi, muryarta can ƙasa. "Kai, ya isa. Ta ajiye mini kunu, ta ce in sha. Ni barci ya sace. Kuma ni ba buhun masara ba ce da za a yi ta jigila da ni. Ina nan inda nake."

Ta kare ni, amma ba ta dube ni ba. Kwana uku ba ta dube ni ba.

Ciwon bai warke ba. Aka yi ta wankewa, aka canja magani, ƙafar ta yi baƙi ta fara wari. Bayan sati biyar likitoci suka ce babu makawa, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Na tare likitan da ya yi aikin a hanya na tambaye shi ko faɗuwar ce ta jawo. Ya ce jini ya daɗe ba ya isa ƙafar sosai, ko ba a faɗi ba wataƙila da an zo nan. Wataƙila. Na yi ta juya kalmar nan, ban sami inda zan kwanta a cikinta ba.

Gudu kuwa na daina. Na wanke kambas ɗin na cusa a ƙarƙashin gado. Madam ta kira, ta kira, ban ɗauka ba, har ta zo asibitin da kanta da lemun zaƙi a leda, ta gaida Inna, ta zauna kaɗan ta tafi, ba ta ce mini komai game da gudu ba. Ina kwana a kan tabarma a gefen gado, ina cin abin da na samu, burodi da shayi, fanke, taliyar bakin asibiti. Nauyin ya fara dawowa. Da na je ganin likitata ta mayar mini da ƙwayar da ta cire.

Bayan an sallamo mu, wata safiya ina shafa wa Inna mai a bayanta, sai ta ce, "Ba kya fita yanzu."

"Na daina, Inna."

"Wa ya ce ki daina?"

"Ba kowa."

Sai ta ce, "Ni har gobe ban ga kyan abin ba. Mace tana gudu a waje, ban saba gani ba, kuma ba zan saba ba. Amma kada ki jingina shi da ni. Kada wata rana a kwantar da ke a yi miki abin da aka yi mini, a ce ai saboda jinyar uwarta ta bari. Ba zan ɗauki wannan ba. Nawa ya ishe ni."

Na ce to, ina kuka ba ta gani, don tana ba ni baya.

Na koma fili bayan kwana biyu. A fili kawai, waya a aljihu, kuma sai na ga ƙasan kofin Inna kafin in ɗaura takalmi. Zagaye huɗu na iya ran farko. Maigida bai hana ba. Amma yanzu idan zan fita, ko kasuwa ce, sai ya ce, "Ina za ki?" Shekara ashirin muna tare bai saba yi mini wannan tambayar ba. A hankali yake yin ta, ba da faɗa ba, ni kuma kowane lokaci sai na ji ta har cikin ƙashina.

Ranar gudun na Abuja ina gida. Na yi wa Inna wanka, na wanke zannuwanta, na shanya. Na san lokacin da za su tashi, na san wajen lokacin da Madam za ta kai rabi, duk da na hana kaina duba agogo. Bayan la'asar sai ga ta ta yi sallama, tana ɗingishi, da lambar ƙarfe a rataye a wuya. Ta gama, ta ce, amma daga kilomita talatin da biyar da tafiya ta haɗa. Ta cire lambar ta miƙa wa Inna. Inna ta juya ta a tafin hannu, ta gwada nauyinta.

"Wannan ce aka sha wahalar a kanta?"

"Shi ne, Mama."

"To, Allah Ya sa albarka. Ke, kawo wa baƙuwa abinci, ba ki ga yadda ta rame ba?"

Na kawo mata shinkafa da wake. Na yi mata murna, kuma da gaske nake, amma na kasa taɓa lambar. Da na raka ta bakin titi ta ce za a sake yi baɗi, in ina so za mu fara shiri bayan azumi. Na ce zan yi shawara.

Da maigida ya dawo daga masallaci na kai masa abinci, na zauna, na gaya masa abin da Madam ta ce. Wannan karon tambaya na yi, ƙarara. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Bari Inna ta ƙara samun sauƙi tukuna, sai mu gani."

Azumi ya zo ya wuce. Inna ta koyi tafiya da sanduna, tana kai kanta har ƙofar gida ta zauna shan iska. Ni ina zagaya filina, na kai zagaye goma sha biyar. Ban sake tayar masa da maganar ba, shi ma bai tayar ba.